Allon da ke cikin akwatin Inna: in ci gaba da labarin ko in tsaya?

Ummu Hanan (Jidda):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na san tun Asabar kuke jiran shafi na 34 na labarin da nake rubuta muku, wasu har sun bi ni ta gefe suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau, alhamdu lillahi, hannuna ne ya kasa. Bari in faɗa muku gaskiya, tunda ku kuka raka ni tun shafin farko.

Labarin nan ba duka ne ƙirƙira ba. Gidan, gidanmu ne. Na sauya sunaye, na sauya garin da suka taso, na ɗauke gidan na kai shi Suwakin ta Sudan alhali namu a unguwar Sabil yake nan Jidda. Amma ɗakin da ba a buɗewa, da kwanon tuwon da tsohuwa ke ajiyewa a bakin ƙofarsa duk daren Juma'a, da idona na gan su ina yarinya. Ɗan ƙaramin kwano ne fari mai shuɗin baki, fentinsa ya ɓare a gindi. Inna, kakata, takan zuba tuwo malmala ɗaya, ta rufe da faifai, da asuba ta ɗauke ta ba wani mabuƙaci a ƙofar masallaci. Mu yara an ce mana na mutanen ɓoye ne, kada mu taɓa.

Abin da aka gaya mana kullum shi ne: Alhaji, kakana, ya taso daga gida da Inna da wani maraya, ɗan wansa, wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Yaron ya kamu da zazzaɓi a cikin sambuk, jirgin ruwa na katako, tsakanin Suwakin da Jidda, ya rasu, aka sa shi a teku. Shi ke nan. Ko sunansa ba a faɗa.

Da rusau ya iso unguwarmu a 2022, aka rubuta "ikhla", wato a tashi, da jan fenti a bangonmu, Baffa ya fasa kwaɗon ɗakin. Babu komai sai tabarmar da ta rududduge da akwatin ƙarfe. A ciki akwai ƙaramin allo naɗe cikin baƙin saƙi, rubutun bai goge ba, ya tsaya a tsakiyar Sabbi. A daren ne Mama ta gaya mini abin da Inna ta faɗa mata a ciwon ajalinta: "Ba ruwa ne ya ci shi ba, mu muka ci shi."

Shafi na 34 shi ne inda asirin zai fito. To an tura labarin wani zaure, wata 'yar'uwar matar Baffa ta karanta, ta gane kwanon. Baffa ya kira ni ranar Juma'a, muryarsa na rawa, ya ce in shafin nan ya fita, ba shi ba ni. Ban runtsa ba tun ranar. Ku ba ni shawara don Allah.

Maman Walid (Riyad):
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi tun shafi na 9 jikina ya ba ni. Wanda bai gani da idonsa ba, ba zai san tsohuwa tana goge bakin kwano da gefen mayafinta kafin ta ajiye ba. Ni dai 'yar'uwa ki ci gaba. Shekara tamanin ana rufe da yaron nan, ya isa.

Hajiya Babba (Madina):
Wa alaikumus salam. Ɗiyata Ummu Hanan, ni na haife ki, ki ji maganata. Ki tsaya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kakanki ya tafi inda za a tambaye shi, ba shi da bakin da zai kare kansa a gabanki. Baffanki kuwa yana raye, kuma na tabbata yana da 'ya'ya mata a gabansa. Kin san mutanenmu. Gobe a zo neman aure, wata ta karkata baki ta ce, "A'a, gidan da suka ci kuɗin ɗansu?" Shi ke nan an ɓata wa yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Mu masu karatu za mu yi kuka mu share hawaye mu koma kan wani littafin, su kuwa da abin za su zauna.

Abu Ammar (Makka):
Hajiya ta gama magana. Ni abin da zan ƙara, ba a cikinmu kaɗai abin zai tsaya ba. Yau waya tana fassara komai cikin daƙiƙa. A Shara Mansur na girma, na san yadda kalmar "takaruni" da ake kiran mutanenmu da ita take fita daga bakin wasu, na san yadda ake duban yaronmu ko da takardunsa sun fi na mai dubansa tsufa. Sai mu da hannunmu mu miƙa musu wuƙa, a ce ga su nan, su ma sun rubuta cewa kakanninsu 'ya'yansu suka sayar suka gina gidaje? A bar kaza cikin gashinta, Yaya.

Ɗan Mai Wurno (Gadarif):
Salam. Ku yi haƙuri da tsawon abin da zan rubuta, intanet ɗin nan sai dare yake zuwa, in na samu sai in zube komai lokaci guda.

Abu Ammar, na fahimce ka fiye da yadda kake zato. Mu a nan ba zagi kawai muka gani ba. A watan Yulin 2022 an kashe sama da mutum ɗari a rikicin Shuɗin Nilu, wajen Rusairis da Damazin, kuma tushen maganar shi ne wai Bahaushe baƙo ne, ba shi da ƙasar da zai nemi sarauta a kanta. To amma tambaya nake yi: shirun da kakanninmu suka yi, ya kare mu?

Bari in gaya muku inda rabin asirin gidajenmu ya samo asali. Mutanenmu sun taso bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas har suka sauka bakin kogi kusa da Sinnar. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 kuwa ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Ku lissafa da kanku. 'Yan shekaru ne suka raba mu da jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, balle waɗanda suka biyo baya, bayan an gama dam ɗin Sinnar a 1925, suka shiga cirar auduga a Jazira suna tara kuɗin jirgi. Me mutum zai yi? Sai ya sauya sunan kakansa, ya jingina da wata ƙabila, ya hana 'ya'yansa yin Hausa a waje. Habbobata, wato kakata, sai da ta kwanta ciwon ƙarshe muka ji tana kiran sunayen unguwannin Haɗeja ɗaya bayan ɗaya, mu da aka gaya wa tun fil azal a bakin Nilu aka haife ta. Babana ya fita bayan rumfa ya daɗe bai dawo ba.

Kowane gida a cikinmu yana da ɗakin da ba a buɗewa, shi ya sa littafin nan ya kama mu haka. Amma akwai bambanci, kuma a nan na rabu da ku. Habbobata kanta ta ɓoye don ta tsira. Abin da aka ɓoye a gidansu Ummu Hanan mutum ne, kuma ba shi ya zaɓi a ɓoye shi ba.

'Yar Auta (Jidda):
Anti Ummu Hanan sannu, Allah Ya ba ki mafita. Ni ta fuskar karatu zan yi magana, tunda shi na sani. Irin wannan labari Turawa suna kiransa gotik, ya faro a Ingila tun 1764: tsohon gida, ɗaki a kulle, motsin da ba a san mai yinsa ba, da laifin kakanni da ke bin jikoki. Da kika kai gidan Suwakin na ji daɗi ƙwarai, don garin kansa kamar don wannan aka yi shi. Gidajen dutsen murjani da suka zube tun da aka mai da tashar jiragen ruwa Bur Sudan, ga kyanwoyi, ga labarin da mutane ke bayarwa cewa a can Annabi Sulaimanu ya tsare aljanu.

Kuma ba baƙon abu ne a wajen nan ba. Duk wanda ya karanta littafin Mausimul Hijra ilash Shamal na Ɗayyib Salih, wanda ya fito a 1966, ya san ɗakin Mustafa Sa'id da ke kulle a ƙauyen bakin Nilu, da yadda buɗe shi ya girgiza mai ba da labarin. Mutanen Sudan sun ji zafin littafin, amma yau da shi suke alfahari.

Hajiya Babba (Madina):
'Yar Auta, shi wancan ba kakansa ya rubuta ba.

Malam na Misfala (Makka):
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na karanta komai, kuma na ga kowa yana riƙe da gefe ɗaya na gaskiya.

Hajiya, hadisin suturta Musulmi ingantacce ne, haka hanin zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Sai dai sutura ana yi wa wanda ya zalunci kansa ne. In akwai wanda aka zalunta a ƙarƙashin mayafin, to mayafin ya zama wani zaluncin. A cikin Bukhari akwai hadisi ƙudusi inda Allah Yake cewa mutum uku Shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Kuma ku tuna Suratu Yusuf. 'Ya'yan Annabi ne suka ci amanar ƙaninsu, suka zo da riga da jinin ƙarya suna kuka, aka sayar da shi da 'yan dirhami ƙididdigaggu. Allah bai ɓoye mana wannan ba, Ya kira shi mafi kyawun labari.

Abin kuma ya faru a ƙasar nan, ba wanda zai musa. Sai a 1962 aka haramta bauta a Saudiyya, lokacin Yarima Faisal bai hau gadon sarauta ba tukuna. Kafin nan akwai alhazan da guzuri ya ƙare musu suka rabu da yaran da suka zo da su, akwai kuma miyagun da tun daga gida da wannan niyyar suka kwaso 'ya'yan mutane da sunan kai su karatu. Har 1936 ofishin jakadancin Ingila a Jidda yana 'yanta bayin da suka gudo wurinsa, kuma akwai mutanen ƙasashenmu a cikinsu.

Amma Ummu Hanan, ɗiyata, ga inda nake jin tsoro a kanki. Me kika sani, me kuma kike zato? Jimla ɗaya ce a hannunki, daga bakin mara lafiya, ta hanyar mahaifiyarki. In kin rubuta cewa kakanki ya ƙirga kuɗi alhali ba haka aka yi ba, kin yi wa mamaci ƙazafi, kuma sauya suna ba zai wanke ki ba tunda an riga an gane gidan.

Sannan akwai abin da ya daɗe yana damuna a littafin, yau na samu ƙofar faɗa. Kin sa duk ɗa namijin da aka haifa a gidan ba ya wuce shekara tara, ko ya mutu ko ya zauce. Wannan tunanin wasu ne, ba namu ba. Wala taziru waziratun wizra ukhra, wani ba ya ɗaukar zunubin wani. Mu ma cewa muke alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Ummu Hanan (Jidda):
Allah Ya saka da alheri Malam. Maganarka ta shige ni. Gaskiya ita ce abin da na sani tabbas uku ne: kwano, allo, da maganar Inna. Sai kuma cewa mutanen da suka sauka Jidda ba ko sisi, cikin shekara biyu sun kafa rumfa sun fara gini. Sauran duk ni na cike.

A shafi na 34 na rubuta Alhaji ya kai yaron bayan wata kasuwa, ya zaunar da shi a kan buhu a shagon wani mutum, ya karɓi allon daga hannunsa ya ce, "Kawo in riƙe maka, jira ni nan in sayo maka takalmi." Yaron da ya taka daga Kano zuwa Bahar Maliya ba takalmi, sai ya yi murmushi. Ina rubutawa ina kuka, har na manta ni na ƙirƙira. Yanzu da Malam ya tambaya sai na ji kunya ta kama ni.

Maganar 'ya'ya maza kuwa, ban yi nufin Allah Yana kama jika da laifin kaka ba. Abin da nake so in nuna, a gidan nan muka ci muka sha muka yi aure, a kan wannan kuɗin. In tushen haram ne, mu ina muka tsaya? Amma na yarda na bi hanyar da ba ta dace ba wajen nuna shi.

Bintu Kasala:
Tunda an buɗe maganar rubutun kansa, Yaya ki yi haƙuri zan faɗi nawa, don ina son littafin nan. Alhajinki ya yi baƙi da yawa. Tun shafin farko idonsa ja, muryarsa kamar tsawa, ko dariya bai taɓa yi ba. Mai karatu ya gama yanke masa hukunci kafin ya yi komai, sai ya zauna lafiya yana cewa ni ba haka nake ba. Wannan sauƙi ne kika ba mu, kuma bai kamace mu ba.

Kakana shekara bakwai ya yi a hanyar nan. Maiduguri, Fallomi, Abashe, Junaina, Fashir, Al-Ubayyid, ko'ina sai an tsaya an yi noma ko dako ko ga-ruwa kafin a ƙara gaba. Ya binne mata ɗaya da 'ya'ya biyu a hanya. Yakan ce akwai ranar da mutum zai dubi abin da ke hannunsa duka ya fara yi masa kuɗi a zuci, har abin da ba a sayarwa. Ki nuna mana Alhajin da ya goyi yaron nan a wuyansa ya ƙetare rairayi da shi, wanda ya koya masa Sabbi da bakinsa, ya hana kansa ruwa ya ba shi. Sannan ki kai shi shagon. A nan ne tsoro zai kama mu na gaske, ba a shafukan da ƙofa ke buɗe kanta ba. Ni aljanun nan daga shafi na 20 zuwa 25 ban ga amfaninsu ba, sun mai da shi kamar sauran littattafan boka da kishiya da suka cika waya. Kwanon tuwon nan kaɗai ya fi su ban tsoro.

Kuma wa ya ce sayarwa ce kai tsaye? Ta yiwu jingina ya yi, ya bar shi a hannun wani da niyyar in ya samu ya fanso shi, ya dawo ya tarar an wuce da shi. Ɗakin da aka gina aka kulle, ba ɗakin wanda ake jira ba ne?

Maman Walid (Riyad):
Bintu kin sa tsigar jikina ta tashi. Ɗakin wanda ake jira. Wallahi ban taɓa kallonsa haka ba.

Abu Ammar (Makka):
Kun ga abin da nake gudu ke nan. Mutum ya rasu, muna zaune a waya muna juya shi, wannan ta ce ya sayar, wannan ta ce ya jinginar. Da kakan ɗayanku ne za ku yarda? Ku da kuke zuga ta, ranar da danginta suka juya mata baya, wa zai je mata suna ko ta'aziyya a cikinku? Zumunci fa ba a shago ake sayo shi ba.

Maman Walid (Riyad):
Abu Ammar, zumuncin wa? Yaron ba dangi ba ne? Ɗan wan Alhaji ne fa, jininsu ne, maraya ne da aka damƙa amana. Kowa yana maganar 'ya'yan Baffa, ba wanda ya tuna cewa yaron nan yana da uwa. An aika mata cewa ɗanta ya rasu a hanyar Makka, ta yi haƙuri, wataƙila har ana yi mata barka cewa ya yi kyakkyawan ƙarshe. Ni uwa ce, wannan ne ya hana ni barci jiya.

Mai kula da zaure:
Jama'a a sassauta. Kuma don Allah daga yau kada wanda ya sake tura shafukan nan ko wannan hirar waje. Turawar da aka yi ce ta jawo wannan duka.

Ɗan Mai Wurno (Gadarif):
Maman Walid ta tuna mini. Ba yau Bahaushe ya fara rubuta wannan ciwon ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga gasar rubutu ta 1933, labarin yaron da aka sace ne, da uwar da ta bi sawunsa cikin Sahara har ita ma ta faɗa hannun masu bauta. An karantar da shi a makarantu, ba wanda ya ce ya tona asirin Hausawa. Abin da ya bambanta, a can ɓarawon bare ne. A nan kuwa baffa ne. Shi ya sa yake mana ciwo.

Ku kuma yi lissafi. Yaron da ke Sabbi a wancan lokacin, yau yana wajen shekara casa'in. Ko ya rasu, da wuya a ce bai bar baya ba. Ta yiwu jikokinsa suna nan Makka ko Ɗa'if, ana sahu ɗaya da su, ba su san daga ina suka fito ba. Alƙur'ani ya ce a kira su da sunan ubanninsu. Akwai gado, akwai muharramaka. Wannan ya wuce maganar littafi.

Hajiya Babba (Madina):
Na yi isha'i na dawo, zuciyata ta ƙi kwanciya. Akwai abin da ban taɓa ba kowa labari ba.

Ina 'yar shekara goma, akwai wani tsoho da ke ɗebo wa mutane ruwa a unguwarmu nan Madina. Baƙi ne, dogo, da tsaga a kumatunsa irin ta mutanenmu, amma ba ya jin Hausa ko kaɗan, Larabcinsa kuwa na ƙauye ne tsantsa. An ce 'yantacce ne. Wata rana mahaifiyata tana kaɗa miyar kuka, ƙamshin daddawa ya cika lungu, sai ya sauke garewaninsa a ƙofarmu ya tsaya. Bai yi sallama ba, bai roƙi komai ba. Mahaifiyata ta leƙo ta tambaye shi da Larabci me yake so. Ya daɗe yana motsa baki, can sai ya ce, "Tuwo." Kalmar da ta rage masa ke nan. Ta zuba masa, ya zauna a dakali yana ci hawaye na sauka cikin kwanon. Ta yi ta jera masa sunayen garuruwa, Kano, Katsina, Zazzau, Sakkwato, ko zai gane ɗaya, yana girgiza kai. Daga ranar duk Juma'a sai ya zo, har aka daina ganinsa.

Ɗiyata, ban janye maganata ba. Kada ki saki shafin nan yadda yake, kuma kada ki yi fito-na-fito da baffanki, uba ne. Amma na yi kuskure da na ce ki rufe baki ki zauna. Ba a cikin littafi za ki fara neman yaron nan ba. Cikin 'ya'yan Alhaji wa ya rage wanda ya girmi baffanki?

Ummu Hanan (Jidda):
Hajiya kin sa ni kuka. Akwai Goggo, babbar 'yarsu, tana Makka wajen ɗanta, ta kusa tamanin amma hankalinta garau. Ita ta yi jinyar Inna. Wallahi shafi 33 na rubuta a kan gidan nan, ban taɓa zama gabanta na tambaye ta ba. Tsoro nake ji. Ina ganin na fi son abin da na ƙirƙira a kan abin da za ta faɗa.

Hajiya Babba (Madina):
To ki je. Kada ki je da waya a hannu ko takarda. Ki je da turare da ɗan goro in kin samu, ki kwana, ki matsa mata ƙafa. Kada ki ce me Alhaji ya yi. Ki ce, "Goggo, yaya sunan mai allon nan? Ina so in riƙa sa shi a addu'a." In ta yi shiru ki ƙyale ta, ki koma wani satin. Mu tsofaffi ba ƙin faɗa muke ba, wanda zai tambaya da ladabi muke rasawa.

Abu Ammar (Makka):
Wannan na yarda da shi. In kuma Goggo ta yi magana, ita ce za ta iya tausar Baffa, ba ke ba. Ƙaninta ne.

Bintu Kasala:
Kuma in kin dawo kan rubutun, ki ba Inna bakinta. "Mu muka ci shi" ta ce, ba "shi ya ci shi" ba. Shekara nawa tana dafa tuwon nan? Ni ita nake so in ji.

Ummu Hanan (Jidda):
In sha Allahu Juma'a zan tafi. Shafi na 34 na ajiye shi, ban goge ba, ban kuma san ko shi zai fito ko wani ba, ku yi mini haƙuri. Malam, tambaya ɗaya: tunda zan shiga Makka, ya halatta in yi masa umra alhali ban san ko yana raye ba?

Malam na Misfala (Makka):
Umra ki dakata tukuna sai an san halinsa. Addu'a da sadaka kuwa ki yi, ba sa jiran wannan. Ki haɗa da Alhaji da Inna a ciki, sun fi kowa buƙata.

Ɗan Mai Wurno (Gadarif):
Ummu Hanan, kafin ki tafi ki ɗauki hoton allon gaba da baya, har da mariƙinsa, ki turo mini ni kaɗai. Akwai wani tsohon alaramma da muka yi gudun hijira tare, yana nan kusa da mu, yakan dubi hannun rubutu ya ce wannan na Barno ne ko na Kano. Ki duba bayan allon da kyau a cikin haske, wasu malaman sukan rubuta sunan yaro a ƙasa. Intanet ya fara yankewa, in ban amsa ba sai gobe da dare.